Fitilar da Take Ƙiftawa

Tun kafin ya kama hanyar jami'a ake kiransa Injiniya, don kawai ya taɓa kwance fankar gidansu. Fankar dai ba ta sake juyawa ba, amma sunan ya zauna daram.

A shekarar ƙarshe malamin da ke duba aikinsu ya gindaya sharaɗi. Kowane ɗalibi zai sayi ɗan allon nan mai ƙwaƙwalwa, wanda suke kira bod, ya rubuta masa umarni a kwamfuta, ya tura, ƙaramar fitilar jikinsa ta riƙa ƙiftawa. Wanda ya kasa wannan matakin na farko, an cire sunansa daga masu aikin bana, sai baɗi. Injiniya kuwa ya riga ya maimaita aji sau ɗaya, kuma babansa ya ce ba zai ɗauki na biyu ba.

Ranar da ya sayo bod ɗin, ya ciro shi daga leda kamar jariri. Wayar da ta zo a kwalin ta yi masa gajarta, ga muni, sai ya wurga ta ƙarƙashin gado, ya zare doguwar wayar da abokin ɗakinsa Dogo ke cajin tocila da ita. Ya rubuta umarni, ya haɗa, ya danna. Fitila ta ƙifta. Ta sake ƙiftawa.

"Dogo! Tashi ka ga ikon Allah!"

Dogo ya ɗago kai daga matashi. "Wannan jan rubutun da ya cika ƙasan kwamfutar fa?"

"Kai dai ba ka san harkar ba. Surutunta ne kawai, haka take yi wa kowa. Ba ga fitila tana aiki ba?"

Daga ranar, wallahi ba a sake jin kunne a ɗakin ba. Kullum sai ya sauya wani abu a umarnin, ya danna, ya ƙura wa fitilar ido, ya ce, "Ka ga ta ƙara sauri?" Dogo ya ce shi bai ga komai ba. Injiniya ya ce ai hassada makantar da mutum take yi. 'Yan ajinsu da ke fama da nasu har layi suke yi a bakin ƙofa, shi kuma yana ba su shawara hannu a aljihu, yana cewa abin baiwa ne, ba a tilasta shi.

Ranar gwaji ya sha guga, ya shiga ɗakin na'urori yana taku ɗai-ɗai. Malamin dattijo ne marar hayaniya, tabarau a kan hanci. Injiniya ya haɗa kayansa, fitila ta hau ƙiftawa, ya ja da baya yana jiran yabo.

Malamin bai kalli fitilar ba. Jan rubutun ya tsaya karantawa.

"Tun yaushe take rubuta maka wannan?"

"Tun farko, ranka ya daɗe. Amma ba ya hana komai."

Malamin ya buɗe durowa, ya ciro sabon bod a ledarsa, ya yaga, ya soka shi a cajar bango, ba kwamfuta ba komai. Fitilarsa ta fara ƙiftawa, daidai da ta Injiniya, kamar sun haɗa baki.

"Haka ake sayar da irin wannan," in ji malamin. "Da ƙiftawarsu suke fitowa daga masana'anta, don mai saye ya san lafiyarsu lau. Wannan wayar taka kuma wuta kaɗai take kaiwa, ba ta ɗaukar saƙo. Abin da jan rubutun yake ta gaya maka ke nan. Ko harafi ɗaya naka bai taɓa shiga allon nan ba."

Gumi ya keto wa Injiniya har cikin takalmi. Kunya ta kama shi, tsoro ya fi ta, don fuskar babansa kawai yake gani. Amma bakin nan bai mutu ba.

"To ai laifin waya ne, malam. Umarnina lafiyarsa ƙalau."

"Madalla. Ni ma haka nake fata." Malamin ya miƙa masa wata gajeriyar waya. "Tura mu gani. In ta ƙifta da naka, ka wuce."

Ya haɗa, ya danna. A karon farko jan rubutu bai fito ba, kwamfuta ta ce saƙo ya isa. Injiniya ya saki ajiyar zuciya, har ya fara murmushi.

Fitilar ta mutu.

Ya jira. Ya girgiza allon, ya hura masa iska, ya sake dannawa. Shiru. A gefe, sabon bod ɗin da ba wanda ya koya wa komai yana ta ƙiftawa abinsa.

Malamin ya gyara tabarau, ya jawo alƙalami.

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Yau dai mun ga aikinka."