Harshen Akun Malabo

Yaya Ma'u, ta yi magana! Wallahi ta yi magana, da kunnena na ji, gaban mutanen gida! Muhsina ta yi magana. E, na faɗi sunanta, kuma zan sake faɗa, mai jin haushi ya ji. Har yanzu rabina murna rabina takaici, ki yi haƙuri da rubutun.

Kin dai san shekararta uku da wata huɗu ko "Umma" ba ta taɓa cewa ba. Kin san abin da ake faɗa a unguwarmu Sheshe, wai bebiya na haifa. Ni kuma ga kunyar 'yar fari, ba dama in kira sunanta, ba dama in yi mata wasa a tsakar gida, sai dai in ce "waccan" in kau da kai. Haka aka koya mana, haka na yi ta yi kamar sakarya.

To kin tuna akun nan da maigidan ya zo da shi daga Malabo, birnin nan na tsibirin da yake tuƙin motar katako? Mai ruwan toka da jan bindi. A daji ya tsince shi ranar da aka ka da wata ƙatuwar bishiya, fiffike a karye, ya yi ta jinyarsa har ya warke. Tsuntsun nan ko sallama bai iya ba. Abin da ya iya kawai kukan dajinsu: kukan biri, kukan kwaɗi, har ɗigar ruwan sama a kan ganye, tal, tal, tal. In ya yi sai maigidan ya ce wannan birin da ke sace musu ayaba ne. Ya ce can teku ta kewaye ko'ina, ruwan sama ba ya gajiya, kunkuru ya fi turmi girma, ya fito daga ruwa ya haƙa yashi ya zuba ƙwai ya koma. Muhsina ta liƙe wa tsuntsun nan. Ta wuni gaban keji tana miƙa masa gyaɗa, ya yi fito ta yi fito. A gidan nan kaf shi kaɗai ne yake mata hira ba kunya.

Sai Bappa Ɗalha, ƙanin baban maigidan, mai sayar da raguna wajen Ƙofar Nassarawa. Wai ya jiyo wurin masu magani a kasuwar Kurmi, in aka yanka aku aka gasa harshen aka ba yaro, bakinsa zai buɗe. Ya faɗa wa maigidan, shi kuma don ladabi ya ce, "To Bappa, a bari mu gani." Ashe Bappa "to" ɗin kawai ya riƙe.

Yau da hantsi maigidan bai daɗe da fita ba, ina wanke shinkafa, sai ga Bappa da wuƙar yankan ragunansa.

"Ke Kausar, miƙo min tsuntsun nan."

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Bappa ai maigidan ba ya nan."

"Ni na yi masa yankan suna, sai na jira shi?"

'Yardada, kakar maigidan, tana kan tabarma tana tsinke zogale, ta ce, "Ba shi mana, 'yar nan. Tsuntsu ne fa, ba ɗan mutum ba."

Da kansa ya buɗe kejin. Ya tona ɗan rami, ya fuskanci gabas, ya take fikafikan da ƙafa kamar kazar Sallah. Yaya Ma'u, har da fiffiken da aka yi wata biyu ana jinya! Akun ya saki wata ƙara, ban taɓa jin irinta ba. Muhsina ta ruga ta cakumi babbar rigar Bappa, bakinta a buɗe ba sauti, hawaye shaɓe-shaɓe. Ya ture ta da gwiwar hannu ta faɗi zaune.

Ban san lokacin da na zubar da shinkafar ba. Na ce, "Muhsina!" da ƙarfi, har maƙwabta sun ji. Na sungume ta na rungume, na tsaya a kan Bappa na ce, "Ka yi haƙuri, ba za a yanka ba."

Ya ɗago ya ce, "Ni kike tsaya wa a ka? Don wa nake yi?"

Ya ɗora wuƙar. Sai yarinyar nan, a ƙirjina, da wata 'yar murya a shaƙe, ta ce, "Bari! Nawa ne!"

Bappa ya saki baki, ƙafarsa ta sassauta, akun ya gartsa masa cizo a babban yatsa ya tsere ƙarƙashin gadona.

Kin san abin da mutumin nan ya ce, yana yarfe jini? "Kun gani ko? Tun ba a yanka ba maganin ya ci. Da an yanka ai da karatu za ta kama." Wallahi na ji kamar in fashe! 'Yardada kuwa ko barka ba ta ce ba, sai, "Yau mun ga fitsara, uwa ta kira sunan 'yar fari gaban suruki."

Su ta shafa. Tun ɗazu ina ɗaki da ita da akun, na sa sakata. Ta ƙara cewa "nawa" sau uku, ta ce "gyaɗa", da na nuna kaina ta kalle ni ta ce "Umma". Na yi kuka har na gode Allah. Akun yana ɗan ɗingishi amma ya ci abinci, har ya yi mana ɗigar ruwan saman nan.

Don Allah ki kai wa Inna labarin nan yanzu, kar ki jira la'asar, kafin nasu ya riga nawa isa. Ki faɗa wa su Husaina ƙawata, ki faɗa wa duk wadda ta taɓa cewa bebiya na haifa. Ki ce Muhsina ta yi magana, kuma harshen akun yana nan a bakinsa.