Littafin da Bushira Ta Yaba

Su huɗu ne, kuma doka ɗaya gare su. Duk Asabar bayan la'asar sukan hallara a gidan Madam Raihanatu, shugabar wata lakwal, wato makarantar boko, a Malbaza, a shimfiɗa tabarma a inuwar bishiyar bedi, kowacce ta faɗi littafin da take karantawa a satin. In bai yi mata daɗi ba ta yi masa tatas, ba mai hana ta. Amma in ta kuskura ta yabe shi, to dole Asabar mai zuwa ta zo da shi a hannu ya zaga sauran. Madam ce ta kafa dokar, wai ta gaji da masu tayar wa mutum da kwaɗayi su bar shi yana haɗiyar yawu.

Akwai Zuwaira, unguwarzoma a gidan likita, wadda ba a taɓa rubuta littafin da bai sa ta kuka ba. Akwai Wasila, matar wani jandarma, 'yar Damagaram, mai mugun halin fara littafi daga shafin ƙarshe. Sai Bushira tela, ƙaramarsu, wadda karatunta ya tsaya a aji shida. Ba ta cika magana a zaman ba, amma ba a yi ba ita, domin maigidanta Lurwanu direban motar siminti ne, kuma duk sa'ad da ya sauke kaya a Ƙonni sai ya biya wajen wani mai tebur kusa da iyaka ya riƙo mata littattafan Hausa biyu ko uku. Ta nan sabon karatu ke shigo musu.

Sai aka rufe iyaka. Mai tebur ya sayar da ragowar kayansa ya koma sayar da cajar waya. Madam ba ta ji a jikinta ba, tana da kanta guda cike da littattafan Faransanci. Zuwaira da Wasila suka koma karatu a manyan wayoyinsu. Bushira kuwa wayarta 'yar ƙarama ce mai maɓallai, Faransancin kuma in ta kama shafi ɗaya sai ta yi gumi kafin ta kai ƙasansa. Asabar huɗu a jere, in layi ya zo kanta, sai ta sunkuyar da kai ta ce babu sabo. Abin yana cin ranta ƙwarai. Gani take dama littattafan Lurwanu ne suka sama mata wuri a kan tabarmar nan, yanzu da suka ƙare nata ya ƙare.

A Asabar ta biyar Madam ta dube ta ta saman tabarau.

"To, Bushira, yau ma shayinmu kinka zo sha?"

Wasa ne, irin wanda Madam ke yi wa kowa. Amma ya sami Bushira a inda yake mata ciwo, bakinta kuma ya riga hankalinta.

"A'a Madam, ina da wani da nike karantawa."

"Madalla! Mi as sunanai?"

"Mai Amalanke," in ji Bushira, ita kanta tana mamakin inda sunan ya fito.

Tunda ta fara, sai ta zarce. Ta ba su labarin wata mata Sa'a, a wani ƙauye, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da jaki da amalanke. Dangi suka ce a sayar, ita ta ce a'a. Ta ɗaura ɗamara ta hau amalanken da kanta tana dakon ruwa da buhunan wake, maza na yi mata dariya a bakin kasuwa, mata na zunɗenta a bakin rijiya. Bushira ta kwaikwayi yadda jakin ya ƙi motsi ranar farko don bai san muryar mace ba, har Wasila ta ƙware da shayi. Ta kai wurin da ƙafar amalanken ta fashe a tsakiyar fadama ga hadari ya haɗo, sai ta ga Zuwaira ta fara laluben bakin gyalenta. Tunda take zuwa gidan nan ba a taɓa yin shiru don ita ba. Daɗi ya kwashe ta, ta ce, "Wallahi ban taɓa karanta mai daɗinai ba."

"Kin yabe shi ke nan," in ji Madam. "Asabar ki taho muna da shi."

A nan ne Bushira ta gane abin da ta jawo wa kanta. Babu wani littafi. Labarin mahaifiyarta ne, Allah ya jiƙanta, a Bazaga, wanda ta daɗe tana juyawa a ranta in tana taka keken ɗinki. Suna kawai ta sauya.

Asabar ta zagayo, Bushira ta ce littafin yana Dogarawa, ƙanwarta ta ara. Ta ɗauka za a bar maganar. Ba ta san masu karatu ba in an ɗanɗana musu. Zuwaira ta ce tana da direban motar kasuwa da ke bin hanyar kullum, a ba ta lambar ƙanwar kawai. Wasila ta ce ai ta riga ta sa maigidanta ya tambaya a Ƙonni, an zaga masu littattafai ba wanda ya taɓa jin sunan, ashe abin ba ya samuwa, lallai a riƙe shi da kyau. Bushira ta yi yaƙe ta ce za ta je da kanta ta karɓo, a ba ta sati biyu.

Ta koma gida ta rasa inda za ta sa kanta. Ta yi tunanin daina zuwa, ta ce ɗinki ya yi mata yawa. Amma Asabar ɗin nan ita ce abin da take jira tun daga Lahadi, in ta rasa ta ba ta san da me za ta maye gurbinta ba. Washegari da safe ta je shago ta sayo kaye biyu, wato littattafan rubutu, masu shafi ɗari ɗari da alƙalamin bik guda uku.

Haka ta shiga rubutu. Da hantsi ɗinki, bayan azahar in zafi ya kori masu kawo kaya sai ta rufe kan keke ta mai da shi tebur. Hannunta ya saba da almakashi, bai saba da bik ba, yatsanta na tsakiya har ya yi kanta. Wani wurin ta rubuta ta soke sau uku. Wani wurin kuma abin ya riƙa zubowa har tuwo ya kama a tukunya. Lurwanu ya dawo daga tafiya ya same ta a haka, ya leƙa ta kafaɗarta.

"Ikon Allah! Jarabawa za ki ɗauka ba mu da labari?"

Ta gaya masa gaskiya duka. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ce, "Ke da kin ce musu akuya ta cinye shi, da an wuce wurin." Da ya ga ba ta yi dariya ba, sai ya ja kujera ya ce ta karanta masa. Ta karanta masa shafi shida. Da zai fita masallaci ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye ta ko jakin ya mutu daga baya, don shi ba ya son a kashe jakin.

Ranar da za ta kai, ta shirya wata ƙaryar a hanya. Za ta ce littafin ya yayyage, shi ya sa ta kwafe shi da hannu. Ta maimaita maganar tun daga ƙofar gidanta har ta wuce layin motocin da ke jiran lodi, ta zauna daram a bakinta.

Aka yi gaisuwa, aka zuba shayi. Ta ciro kaye biyun daga jaka ta ajiye a tsakiyar tabarma. Wasila ta kai hannu ta juya na biyun za ta leƙa ƙarshe, Zuwaira ta buge mata hannu.

"Littahin ya yage," in ji Bushira, "shi ya sa na..."

"Wa ya rubuta shi?" Madam ta katse ta. Ba da faɗa ta tambaya ba. Ta buɗe shafin farko tana duba bango. "Ban ga sunan mai shi ba. In an kwahi littahi, ai da suna aka farawa."

Maganar da Bushira ta haddace ta bi iska. Ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, har kunnuwanta suka yi zafi.

"Madam, ku gafarce ni. Ƙarya na yi muku. Babu wani littahi, ba a taɓa yin shi ba. Na ga kowa na da abin hwaɗi ni ban da shi, shi ya sa. Wanga ni na rubuta shi, don kar in zo hannu sake."

Wata motar siminti ta wuce a titi, ƙasa ta ɗan girgiza. Zuwaira ta dubi Wasila, Wasila ta dubi kofinta. Madam ta rufe kayen, ta haɗa biyun ta sa ƙarƙashin cinyarta.

"Kin yaba, kin kawo. Doka ta cika," in ji ta. "Zancen ƙarya kuwa, kar a sake. Ni za ni fara karantawa. Wasila, mi kike karantawa wanga sati?"

Shi ke nan, aka ci gaba da zama kamar ba a yi komai ba. Wannan ya fi damun Bushira a kan a ce an yi mata faɗa.

Satin nan ta ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai. Abin da take tsoro ba zagi ba ne. Ta san Madam. Littafin da ta raina ba ta ɓata bakinta a kansa, sai ta ce "ba laifi" ta miƙa wa na kusa. Irin wannan "ba laifi" Bushira ke gudu, irin wadda ake ce wa yaro in ya zana mota.

Asabar ta zo. Madam ta fito da kaye biyun, tsakanin shafukan duk tsinken tsintsiya da ta sa alama. Ta zauna, ta gyara tabarau, ta ɗaure fuska.

"Wanga littahi ya ɓata mini rai," in ji ta.

Ta buɗe wurin tsinke na farko.

"Wurin fadama ya yi. Na karanta shi sau biyu, na manta da miya bisa wuta. Jakin ma ya yi, ya fi wasu mutanen da na sani hankali. Amma mai rubutun ta cuce mu. Ta so Sa'a da yawa. Mace ta yi shekara goma tana wahala, ba ta taɓa zagin kowa ba, ba ta taɓa cutar kowa ba? Wagga ba mutum ba ce." Ta buɗe wurin wani tsinke. "Sannan ga nan. Babbar ɗiyar Sa'a, kin ce tana lakwal, ita ka zuwa ta ɗaya. Shafi ashirin bayan nan sai mu gan ta bayan amalanke tana riƙon buhu, ranar Talata da hantsi. Mi ya hidda ta lakwal? Wa ya hidda ta? Kin tsallake, kina tsammanin ba mu gani."

Bushira ba ta taɓa gaya wa kowa wannan ba, ko Lurwanu. Saura wata biyu jarabawa, mahaifiyarta ta je har cikin aji ta kamo hannunta, malamin yana roƙo, ita tana kuka, uwar ko waiwaye ba ta yi ba. Shekara ashirin ke nan tana ƙaunar matar nan tana kuma jin haushinta, ba ta taɓa yarda ta haɗa biyun wuri ɗaya ba.

"Uwar ce ta hidda ta," ta ce a hankali. "Ni ce ɗiyar."

"Na sani," in ji Madam, muryarta ta sauka. "Shi ya sa nike gaya miki. Rubuta ranar, ƙanwata. Ba za mu ƙi Sa'a don ita ba. Sai ma mun fi yarda da ita."

Hawaye suka zubo wa Bushira, amma wani sanyi ne ke ratsa ƙirjinta. An yi wa littafinta faɗa da gaske, da tsinke da lambar shafi, yadda ake yi wa waɗanda aka buga a birni. Ta miƙa hannu za ta karɓi kayen ta je ta gyara, sai Zuwaira ta riga ta, ta cusa su cikin jakarta ta ja zif.

"Gyara ya jira. Sati huɗu nike jiran wanga abu, ni ka bi ma Madam."

"Yaya Zuwaira, ai ba a gama shi ba."

"Ki rubuta naki a wani kaye, mu liƙa."

Wasila ta ce ita ba ta yarda ba, ai ita ta sa aka zaga Ƙonni, ita ta fi cancanta. Aka yi ta cacar baki har shayi ya huce, kafin Madam ta tsawatar ta ce a koma kan layi, kowa ta faɗi abin da take karantawa. Ta fara da Zuwaira.

Zuwaira ta rungume jakarta, ta share ido da bakin gyale tun ba ta buɗe shafin farko ba.

"Ni littahin Bushira nike karantawa," in ji ta. "Kuma Wasila, in kinka leƙa kinka gaya mini ƙarshe, ni da ke ne."