Hatimin Sabuwar Ƙasa

"Wannan hatimin ya daina aiki," in ji jami'in, ya turo takardun ta taga. "Sai na sabuwar ƙasa."

Direba ya karɓi takardun. Tun safe yake layin nan, maƙwabcinsa Mai Rediyo na kwance a kujerar baya, ƙafafu duk a kumbure. Likita ya ce kwanaki suka rage masa. Abu ɗaya tsohon ya roƙa: a ƙetara da shi gada ya ga ƙanwarsa, can yankinsu da ya ɓalle bara.

"Ranka ya daɗe, a can aka haife shi fa."

"Ni ma uwata can take. Na gaba!"

Direba ya koma mota ya bugo ƙofa da ƙarfi.

"Ka ji ko, Baba? Ga 'yancin naku nan. Shekara goma kana cika mana kunne a shago, a raba, a raba. To an raba, har da kai da 'yar'uwarka."

Tsohon ya buɗe ido da ƙyar. "Da za a sake ƙuri'ar, abin da na zaɓa zan sake zaɓa."

"Haba, Baba!"

"Ko asibiti ɗaya ba su gina mana ba. Matata a hanya ta rasu, da tsohon ciki. Yaranmu a zane su don sun yi yarensu a aji. Zaman dole ai ba zama ba ne..." Tari ya sarƙe shi.

Direba ya tallafo kansa ya ba shi ruwa. Amsa na nan a bakinsa: su kuma waɗanda aka bari a tsakiya fa, gida nan, dangi can, wa ya tambaye su? Ya sake fita.

Ya roƙi jami'in, ya roƙi ogansa har da durƙuso. Ogan ya ce a rubuto takarda, za a duba nan da mako biyu.

Ko da ya dawo, tsohon ya cika, hularsa ta zame gefe. Motocin baya sai danna hon suke. Direba ya shafe masa ido, ya daɗe riƙe da sitiyari bai tada motar ba.

Can ƙarshen gada, bayan sandar ƙarfe, wata tsohuwa ƙarƙashin lema tana leƙa duk motar da ta ƙetaro.