Rabin Batirin Lalla

A bayan kasuwar dabbobi ta Dakoro akwai gidan Malam Hashimu, mai fataucin gero da wake. Shi da matarsa Saratu ɗiya ɗaya Allah ya ba su, Haula, 'yar shekara goma sha uku da ke karatu a kolej. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne wutar lantarki mai tsayawa, don idan bazara ta kama, wutar takan zo da hantsi ta ɗauke kafin azahar, wani lokaci ma ta kwana biyu ba a gan ta ba.

A gidan akwai tsohuwar ordinatar, wato kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda Malam Hashimu ya sayo hannu na biyu a Maraɗi. Batirinta ya gaji, in an cika shi da ƙyar yake kai awa biyu. Duk da haka Haula ji take da ita kamar 'yar rago. Ita kaɗai ta iya kunna ta, ita ke buga wa mahaifinta takardu, kuma in baƙi suka zo yakan nuna ta ya ce, "Ga malamar gidanmu."

Ana nan sai aka kawo Lalla, ɗiyar Gwaggo Mariama, ƙanwar Malam Hashimu, wadda ke aure a wani mashekari na makiyaya arewa da Tagriss. Lalla ta ci jarrabawar shiga kolej, can kuwa babu kolej, shi ya sa ta zo zama wurin kawunta. Ta iso da ƙullin kaya ɗaya da wata ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi. A mashekarinsu babu rezo, waya ba ta kamawa. Sai ranar Laraba uwarta ke hawa jaki ta yi tafiyar awa biyu zuwa kasuwar ƙauye, ta ari wayar wani mai tebur, ta hau tudun da rezo ke kamawa, ta kira ɗiyarta bayan azahar. In kiran ya wuce, sai wata Larabar.

Haula da Lalla taubasai ne, ɗiyar namiji da ɗiyar mace, don haka wasa tsakaninsu halal ne, ba mai tsawata musu. Tun ranar farko Haula ta fara.

"Baƙauyiya, kar ki taɓa wanga abu, ba akuya ba ce da za ki tatsa."

"To 'yar birni," in ji Lalla, "ke da ba ki san gaban raƙumi da bayansa ba."

Kowa ya yi dariya, har Saratu da ke tankaɗe.

Malam Hashimu mutum ne mai son daidai. Ya kafa doka cewa in batiri ya cika ɗari, Haula ta yi aiki har ya sauko hamsin, sauran hamsin ɗin na Lalla ne. Haula ta yarda da sauri, don a ganinta baƙauyiya ba za ta san abin da za ta yi da rabonta ba.

Wata biyu ba su cika ba lissafin ya juye. Rabon Haula kan ƙare kafin shinkafa ta dahu. Na Lalla kuwa sai ya yi ta ja kamar igiyar rijiya. Haula ta zuba ido ta ga yadda take yi. Lalla ba ta kunna ordinatar sai ta gama rubuta komai a kaye, wato littafin rubutunta, ta gyara, ta san abin da za ta buga. In ta kunna, sai ta rage hasken fuskar har sai da ƙyar ake ganin rubutu, ta koma lungun da ya fi duhu a zaure. Ta kashe wifi, ta kashe sauti, ta rufe duk abin da ba ta aiki da shi. Ba ta ɗora ta kan katifa ko kan cinya, sai kan bulo biyu, don iska ta ratsa ta ƙasa. In ta tashi ko da shan ruwa ne, sai ta rufe murfin. Kuma kullum takan bar kamar ashirin, ta jona 'yar wayarta da igiya a jikin ordinatar, wayar ta sha abin da ya rage.

"Wa ya koya miki wanga duka?" Malam Hashimu ya tambaye ta wata rana da la'asar.

"Mushen lissafi, malaminmu, ya gaya mana wasu, Kawu. Sauran kuwa, ai kamar salkar ruwa ce. In rijiya na da nisa, ba ka barin bakin salka a buɗe, kuma ba ka rataye ta a rana."

Malam Hashimu ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Saratu, zo ki ji injiniyar gidanmu!"

Haula na gefe tana tsinke zogale. Ta ji kalmar ta soke ta kamar ƙaya. Ita ce malamar gida, yanzu ga wata injiniya, wadda ko maɓallin kunnawa ita ta nuna mata. Daga ranar duk abin da Lalla ta yi sai Haula ta ga da gayya ne. In ta rage haske, neman suna take. In ta jona waya, so take a ga har saura gare ta. Wasan taubasantaka ya ci gaba, amma na Haula ya fara ɗaci.

"Rowa dai har da wuta! A ƙauyenku hasken rana ma aunawa kuke da tiya?"

Lalla ta yi dariya, don ta ɗauka wasa ne. Saratu kaɗai ta ɗago kai ta dubi ɗiyarta.

Ranar Litinin aka yi iskar farkon damina, ta kayar da sandunan wuta a bakin gari. Aka ce gyara zai ɗauki kwanaki. An yi sa'a ordinatar na cike. Washegari da safe Malam Hashimu zai tafi Maraɗi kai wake. Shi ne magatakardan ƙungiyar iyayen yara ta kolej, kuma akwai takardar gayyatar taro da yake son a buga. Ya tsaya bakin ƙofa da takardar a hannu, Haula har ta miƙo nata hannun.

"Lalla, karɓi. Ke kin iya tattalin batiri, ga shi ba wuta. Ki buga mini kafin in dawo jibi."

Haula ta mai da hannunta ta kama bakin hijabi kamar dama shi take son gyarawa.

Da yamma Lalla ta raka Saratu gidan suna. Haula ta ce kanta ke ciwo. Da gida ya yi shiru ta ɗauko ordinatar, ta yi duk abin da ta ga Lalla ba ta yi. Ta ƙure haske. Ta kunna wifi, ta buɗe hotuna da waƙoƙi, ta saki fim ta rage murya. Sannan ta ɗora ta kan katifa, ta tura matashi ta toshe ramukan da iska ke fita. Ta zauna tana kallon lambar na sauka. Da ta wuce hamsin ta so ta kashe ta, amma ta tuna hannun da ta miƙa aka tsallake, sai ta bar ta. Ordinatar ta yi zafi kamar murfin tukunya, ta yi ta huci, can ta mutu. Haula ta jira ta huce ta mai da ita mazauninta.

Ranar Laraba ba lakwal da rana, da wuri ake tashin ɗalibai. Da suka dawo gida wajen sha biyu, Lalla ta wanke hannu, ta jera bulo biyu, ta danna maɓalli. Shiru. Ta sake dannawa.

"Haula, kin yi aiki da ita jiya?"

"Rabona kawai. Batirin ne ya tsufa. Ina dabarar taki, injiniya? Ki tatse ta mana."

Haula ta shirya ganin Lalla ta damu da takardar Kawu. Amma Lalla ko kallon takardar ba ta yi ba. Ta zaro 'yar wayarta daga aljihu, ta danna, ta sake dannawa. Wayar ta mutu tun daren jiya.

"Yau Laraba," Lalla ta ce a hankali. "Inna ta riga ta baro gida."

Sai a lokacin Haula ta tuna. Tun jiya tana lissafin ranar da Baba zai dawo, ba ta taɓa lissafin Laraba ba.

Wayar Saratu ma ta mutu, ta maƙwabta haka. Lalla ba ta yi kuka ba. Ta zauna bakin rijiya da wayar a tafin hannu tana share tsagaggen gilashin da gefen zane. Wannan zaman ya fi wa Haula kuka zafi. Da aka kira azahar ta kasa daurewa, ta fizge wayar da igiyar sharji ta fita da gudu, takalminta ɗaya ma a zaure ya tsaya.

A bakin tasha akwai rumfar Mainassara, mai sharjin waya da hasken rana. Rabin gari na can. Wayoyi sun cika tebur, wasu a cikin kwano, ga hadari ya rufe rana.

"Baba Mainassara, don Allah minti goma!"

"Ɗiyar Hashimu, kin ga layi kuwa? Tun asuba mutane ke jira, rana kuma ta ƙi fitowa."

"Uwar taubashiyata Lalla ce za ta kira. Tun daga arewacin Tagriss, a kan jaki ta zo. In ta sauka daga tudu sai mako."

Wata tsohuwa da ke zaune kan benci ta ce, "Cire tawa ka sa mata, Mainassara. Ni ba mai kirana sai masu neman aron turmi."

Aka jona. Wayar da ta mutu murus ba ta tashi nan take, sai ta sha kaɗan. Haula ta tsaya ƙafa ɗaya ba takalmi tana kallon gilashin. Lalla ta iso riƙe da ɗayan takalmin. Sai gab da la'asar wayar ta haska, saƙo ya shigo cewa an kira sau huɗu. Lalla ta bi lambar. Mai tebur ya ɗauka, muryarsa na yankewa. Ya ce Mariama ta jira har kasuwa ta fara watsewa, ta ga hadari, ta kama hanya. Ta bar saƙo a gaya wa Lalla kowa lafiya, kuma jar akuyarta ta haifi biyu.

A hanyar gida Haula ta faɗi komai, har da matashin da ta toshe iska da shi.

"Da kin ce kina son buga takardar, ai da na ba ki," in ji Lalla. "Ni ba sunan injiniya ya dame ni ba."

"Ki rama. Ki zage ni, ai taubashiyarki ce ni."

"Wanga ba wasa ba ne, Haula. Ba a rama shi da wasa."

Da Malam Hashimu ya dawo ya tarar ba a buga takarda ba, Haula ce ta tsaya gabansa ta ba da labari tun kafin ya tambaya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ta ɗauko kaye da biro ta kwafi gayyatar da hannu, iyaye talatin da biyu, kowa da tasa. Ta yi kwana biyu tana yi.

Wuta ta dawo ranar Asabar. Ranar Talata Haula ta jera bulo biyu a lungun zaure, ta rubuta aikinta a kaye tukuna, ta rage haske, ta kashe wifi. Ta gama batiri na saba'in da ɗaya. Ta rufe murfin, ta kai wa Lalla har da igiyar sharji.

"Ga shi, baƙauyiya. Ki cika wayarki tun yau."

"'Yar birni ta koyi ɗaure bakin salka," in ji Lalla.

Washegari bayan azahar wayar ta yi ƙara. Lalla ta ruga bayan rumbu tana cewa, "Inna! Inna, ina jin ki!" Haula na zaune a zaure tana jiyo ta tana tambayar launin 'yan akuya. A nan ta gane cewa duk tattalin da Lalla ke yi ba don ta fi ta ba ne, muryar uwarta take ajiyewa.