Layin Tabarau

Direba na cikin goge gilashin motar kamfani, manaja ya jefo masa farar riga mai tambari.

"Gobe Asabar akwai aikin taimakon al'umma. Gwajin ido kyauta, da rabon tabarau. Kai za ka kai likitoci."

"Ranka ya daɗe, gobe ne asibiti suka ce in kai Innata. Sau uku ke nan muna ɗagawa."

"Ai aikin sa kai ne, ba dole," in ji manaja, yana kaɗa takardar sunaye. "Sai dai ita ake dubawa ranar rage ma'aikata."

Direba ya ninke rigar. Wata biyar idon Inna na dushewa, har gishiri ta zuba wa jikarta a shayi. Asabar kaɗai ce ranar hutunsa, ita ma kamfani ya cinye: yau dashen itatuwa, gobe yashe kwata.

Da safe ya sa Inna a tasi, ta riga su isa makarantar da aka kafa rumfuna. Yana gyara mata zama a layi, magatakardan kamfani ya ja shi gefe.

"Kai, kanka ɗaya? An hana dangin ma'aikata, wai kada a ce son kai. In manaja ya gane, daga kai har ita waje."

"To, yaya zan yi?"

"Ba ka san ta ba, shi ke nan."

Inna ta ji. Ido ne ya tafi, kunne na nan garau.

Da layi ya zo kanta, sai ga manaja da mai hoto.

"Direba, kama wa tsohuwar nan hannu. Ka san ta ne?"

Direba ya kama hannunta. "A'a, ranka ya daɗe."

Likita ya gwada idonta, ya sauya gilashi, ya ɗora mata tabarau. Ta ƙifta ido, ta juyo wajen ɗanta. Ta ga furfurar da ba ta san ya yi ba, da jan idon wanda barci bai isa ba. Ta daɗe tana kallo.

"Allah ya yi maka albarka, bawan Allah," ta ce. "In kana da uwa, ka riƙa samun hutu kana leƙa ta."

Manaja ya tafa. "Ku rubuta wannan, a rahoto za mu sa!"

Direba ya saki hannunta. Ta nufi ƙofa ita kaɗai, ba lalube, shi kuma ya koma sauke kwalayen tabarau.