Ranar da Fatu Ta Ɓata

Fatu ta shekara ɗaya da rabi ba ta fara zama ba. In aka zaunar da ita sai ta zube gefe, wuyanta ya langaɓe, hannuwanta a dunƙule. Uwarta Turai, da ke aure a Birchi, ta haifi biyu kafin ita, saboda haka ba sai an gaya mata akwai damuwa ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an jiƙa saiwoyi. Daga ƙarshe kowa ya ce a bar wa Allah. Turai ta goye ɗiyarta, da ita take daka, da ita take zuwa rijiya.

A ranin 1981 aka yi shelar rigakafin ƙyanda, Turai ta bi mata zuwa ɗakin shan magani na Kurfi. Mai yin allurar wata Sista Magdalina ce, 'yar Kagoro, wadda ta taɓa aiki a babban asibiti wajen masu gashin ƙashi. Da ta gama yi wa Fatu allura ba ta miƙa ta ba. Ta kaɗa makullanta a gaban yarinyar, idanun Fatu suka bi su dama da hagu.

"Tana gani, tana ji, kuma tana so ta kama," in ji Sista. "Wa ya ce miki ba za ta zauna ba?"

"Kowa ma, Sista."

"Ni ba zan yi miki alkawarin za ta yi gudu ba. Amma jikin ƙaramin yaro yana koyo in an fara da wuri. Ki rage goyon nan, ki sauke ta ƙasa."

Nan take ta shimfiɗa tabarma, ta naɗe zane ta sa a ƙirjin Fatu, ta kifa ta. Ta nuna wa Turai yadda za ta buɗe mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, da yadda za ta lanƙwasa ƙafa ta miƙar a hankali, safe da yamma. Ta ce su riƙa dawowa duk bayan mako biyu.

A gida abin bai zo da sauƙi ba. Duk sa'ad da aka kifa Fatu sai ta tsala kuka, ita kuwa Gogo, surukar Turai, ba ta iya jure kukan jika.

"Ke yanzu wannan baiwar Allah za ki riƙa azabtarwa? Ɗauke ta!"

"Ku yi haƙuri, Gogo, ku ba ni wata uku. In ba a ga komai ba na daina."

Turai kan juya baya ta goge hawaye, sannan ta ci gaba. Ba a cika wata ukun ba, wata safiya zakara ya yi cara kusa da tabarma, Fatu ta ɗaga kai da kanta ta dube shi. Gogo ce ma ta gani. Daga ranar ita ta tona ɗan rami a yashin tsakar gida, ta jera tsummoki, ta riƙa zaunar da yarinyar a ciki tana yi mata waƙa.

Fatu ta zauna tana da shekara biyu da 'yan watanni. Sista ta zana wa Malam Lawal, mijin Turai, wasu sanduna biyu a takarda. Ya saro gora, ya kafa su a jere daga ƙofar ɗaki zuwa rumbu, daidai hannun yarinya. Ko da aka mayar da Sista Dutsin-Ma da aiki, Turai ba ta fasa ba. Sau ɗaya a wata takan shiga mota ta bi ta can, ta koyo abin da za a ƙara. Shekara guda cur Fatu tana kai da komo tsakanin gorar nan, tana jan ƙafar hagu, ba ta taɓa yarda ta saki ba.

Wata ranar kaka, Fatu na da shekara huɗu, Turai ta bar ta riƙe da gora ta shiga ɗaki ɗebo wake. Da ta fito babu yarinya. Ta leƙa bayan rumbu, ta leƙa madafa, ta duba turken awaki.

"Gogo! Wa ya ɗauki Fatu?"

"Wa zai ɗauke ta? Ba wanda ya shigo."

Turai ta yi waje ba mayafi. A yashin ƙofar gida ta ga sawu, ƙanana, ɗaya a fili, ɗaya a jaye. Ta bi shi har zauren maƙwabta, inda Sakinatu ke suyar ƙosai. Ga Fatu a tsaye, ba ta dafa komai ba, gwiwoyinta duk ƙasa saboda faɗuwa, ta miƙa hannu tana jira a ba ta.

"Ni na ɗauka ke kika kawo ta," in ji Sakinatu.

Turai ta durƙusa, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai dariya da kuka suka sarƙe ta. Gogo ta iso tana haki, ta rangaɗa guɗa har mata suka firfito. Sakinatu ta kwashe ƙosan kaskon gaba ɗaya ta ce sadaka ne, kowa ya ɗiba.

Turai ta miƙa hannu za ta ɗauki ɗiyarta su koma gida. Fatu ta maƙe kafaɗa, ta juya da ƙosanta a hannu, ta kama hanya da ƙafarta.