Harbin da Bai Kuskure Ba

Auta yana tsugune a bayan wani firij da aka kawo gyara, hannunsa duk baƙin mai, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya san ƙarar. Ya goge babban yatsansa a gwiwar wando, ya ciro wayar ya buɗe wasan. Yaya, babban wansa, ya yi nasa harbin tun da safe, harsashin ya wuce ta saman igwar Auta ya faɗa ruwa kamar kullum. Yanzu layi ya zo kansa.

Bai ma tsaya duba iska ba. Ya ɗaga bakin igwar zuwa inda ya saba, ya ja ƙarfin harbin zuwa inda ya saba, ya saki. Shekara da shekaru wannan harsashin yana tsallake tudun da ke tsakiya, ya bi ta saman igwar Yaya, ya faɗa ruwa can baya. Yau sai ya yi wata lanƙwasa a sama, ya sauko daidai tsakiyar kanta. Wayar ta girgiza a hannunsa. Da hayaƙin ya washe babu igwa babu alamarta, sai wani rubutu mai ruwan zinariya yana rawa yana taya shi murnar nasara, har da kiɗa.

Ya zauna daɓas a kan siminti, sifana ta suɓuce ta shige ƙarƙashin firij.

Wasan ba mai wuyar ganewa ba ne. Tudu ne a nan, tudu a can, kowa da igwoginsa. Ka auna, ka harba, ka jira ɗan'uwanka ya auna ya harba, wanda igwarsa ta saura shi ya ci. Sunansa na gaskiya dogo ne, a gidansu dai Igwa ake ce masa. Na farkon sun same shi ne a cikin wata tsohuwar kwamfuta da babansu ya ɗauko lokacin da ofishinsu zai zubar. Igwogin wasu 'yan akwatuna ne, harsashin ɗigon fari, kujera ɗaya, kibod ɗaya. Sai mai harbi ya tashi sannan ɗayan ya zauna, kuma Yaya ba ya tashi da wuri, saboda haka Umma ta raba faɗa a kan kujerar nan fiye da yadda ta raba a kan nama.

Daga nan wasan ya yi ta girma tare da su. Na biyu ya zo da iska. Na uku ya zo da wasu sojoji masu muryar 'yan tsaki da ke tsokanar wanda ya kuskure. Akwai wanda masu shi suka yi wa zurfi, kana juya kyamara har kanka ya juya ba ka ga abokin gaba ba, duniya ta yi musu ca, suka dawo hanya ba su ce wa kowa yi haƙuri ba. Can aka kawo shi waya, inda za ka harba yau, ɗan'uwanka ya rama gobe in ya ga dama.

Suna tsakiyar irin wannan wasan ne, kowa saura igwa ɗaya, ciwon Umma ya tashi. Yaya, wanda yake aiki a ɗakin ba da magani na asibitin da aka kai ta, shi ya amince a yi mata tiyata. Auta ya so a dakata. Ba ta farka ba. A barandar asibitin, gaban 'yan'uwa da surukai, Auta ya dubi yayansa ya ce, "Kai ka kashe ta." Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba. An yi roƙon, an yi faɗan, an kai ƙara wurin kawu, kowa ya gaji ya zuba musu ido.

Bayan an watse daga zaman makoki da 'yan makonni, wayar Auta ta yi ƙara. Yaya ya yi harbi, kuma ya kuskure. Mutumin da tun suna yara in ya auna ka sai dai ka tashi daga kujera, shi ne ya jefa harsashi cikin ruwa. Auta ya daɗe yana kallo, sannan shi ma ya jefa nasa cikin ruwa. Haka suke tun lokacin. Da wannan Auta yake sanin Yaya ya tashi lafiya, da shi yake gane ya yi tafiya ko aiki ya yi masa yawa. In aka yi kwanaki shiru sai ya sa matarsa ta kira matar Yaya ta tambayi lafiyar yara. Babu wanda ya taɓa kiran abin da sunansa, shi kansa Auta in an tambaye shi cewa yake rage lokaci yake yi.

Ya bar firij a buɗe ya tsallaka shagon da ke kusa, wurin mai gyaran waya da 'yan layin suke kira Farfesa saboda ba a yi masa tambaya ya amsa a taƙaice.

"Duba min wannan. Mayar min da shi baya."

Farfesa ya ture tabaraunsa sama, ya karɓa da yatsu biyu saboda man da ke jiki. "Ah, ka ci wasa! To me za a mayar?"

"Ban yi niyyar ci ba."

"Ikon Allah. Yau na ga wanda ya zo ƙarar nasara." Ya yi 'yan latse-latse. "Wayarka ta sabunta kanta, maigida. Sabon fitowa ne wannan, na tara. Ka ga ruwan ma ya canja launi, ba ka lura ba?"

"Inda na saba sawa na sa. Ko da ido rufe na san inda yake faɗawa."

"A na takwas ke nan. A wannan sun sa taimako. In harsashinka ya zo kusa, su suke ƙarasa maka. Yaran yanzu ba su da haƙurin auna iska, in sun kuskure sau biyu sai su goge wasan su nemi wani. Su kuma masu shi ba sa son wasan da ba ya ƙarewa. Ni fa tun na uku nake cewa..."

"Farfesa, za a iya mayarwa ko ba za a iya ba?"

"Harbin da ya fita? Ina! Ya riga ya isa wayar mutumin."

"To a sake sabo."

"Da can akwai wurin da za ka danna a sake. Sun cire. Yanzu sai kun haɗu, ya buɗe tasa, ka ɗauki hoton wata alama da za ta fito, sannan ku zama abokai." Ya miƙo masa wayar. "Wai da wa kake bugawa ne haka? Ka kira shi mana."

Auta ya karɓi wayarsa. Ya koma shago ya ɗaura wa firij ɗin injinsa a karkace, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Abin da yake damunsa a fili yake: Yaya zai buɗe waya ya ga ƙaninsa ya auna shi ya harbe, bayan duk shekarun nan. Ba zai ce kamfani ba ne. Zai ce yaron ya gaji, ya rufe ƙofar da ta rage.

Wajen azahar wayar ta yi ƙara, irin ta kira. Matar Yaya ce.

"Auta, me ka yi wa yayanka?"

"Ni? Me ya ce na yi, Anti?"

"Ai ka san ba ya cewa. Na kai masa abinci wurin aiki, na tarar ya kifa wayar a kan tebur. Mutumin da ko cokali ba ya ɗauka sai ya duba ko ka yi harbin nan naku. Na ce lafiya, ya ce an gama. Na ce me aka gama, ya ce in mayar da kwanon gida."

"Ashe kin sani."

"Kai, Auta! Ni da matarka mun daɗe muna muku dariya. Ƙarti biyu da furfura, kuna gaisawa da bam." Muryarta ta sauka. "Yau dai ban yi dariya ba."

Ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo, ya ce wa Farfesa in mai firij ya zo a ce masa gobe. A cikin bas ya samu wuri kusa da taga, wani ɗalibi a gefensa yana buga sabon Igwar da wani baƙo da bai taɓa gani ba. Kafin su wuce kasuwa yaron ya ci wasa biyu, ya sha kashi a ɗaya, ko a jikinsa. Auta ya yi ta shirya abin da zai faɗa. Duk jimlar da ya ɗauko sai ta fara da waya ta ƙare da kamfani, ya kuma san ba wannan ce maganar da ake binsa ba.

Rabonsa da asibitin tun ranar da Umma ta rasu. An yi sabon fenti, an canja kujerun jira, warin maganin wanke ƙasa dai yana nan yadda ya bar shi. Ɗakin ba da magani yana ƙarshen baranda, taga ce mai gilashi da 'yar kafa a ƙasa inda ake tura takarda. Babu wata hanyar isa wurin sai ta layi, saboda haka ya bi layi, bayan wata mata mai goyo da wani dattijo da ke ta tari. Daga nan yana hango Yaya cikin farar riga. Ya rame, gashin gaban kansa ya tafi, ya fara sa tabarau. Igwa ba ta taɓa gaya masa wannan ba.

"Na gaba."

Auta ya matsa. Yaya bai ɗago ba, ya miƙo hannu ta kafar. "Takarda."

Auta ya tura wayarsa. Rubutun nasarar yana nan yana rawa.

Yaya ya dubi wayar, ya ɗago ya dubi mai ita, ya sake duban wayar. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Ba ni ba ne," in ji Auta. "Wayar ce ta sabunta kanta. Inda na saba na sa, wallahi. Sun saka wani abu da yake..."

"Taimako," in ji Yaya. "Na sani. Tun da suka fara sanarwa na hana tawa sabuntawa." Ya juya wayar a hannunsa, ya goge man da ya shafar masa yatsa da 'yar takarda. "Kai ba ka karanta sanarwa. Tun kana yaro sai dai ka danna."

"To ai ba ka gaya min ba."

"Ta ina?"

Wani daga baya ya ce, "Malam, in hira za ku yi ku bari mu karɓi magani mana."

"An ce in ka sa sabon, sai in ɗauki hoton wata alama a wayarka," Auta ya faɗa da sauri. "Sai mu fara wani. Zan koyi yadda ake kauce wa taimakon, in an harba can nesa sosai ba zai..."

"Ba zan sa ba."

"Yaya."

"Na gaji da harbin ruwa, Auta. Da safen nan da na ga igwata ta tashi, na ce to, yau dai yaron nan ya faɗi abin da ke ransa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma ko ba komai na ɗauka magana ce. Yanzu ka zo ka ce min ma ba kai ba ne." Ya turo wayar ta kafar gilashin. "Wasa ya ƙare, ka ci. Sai yamma nake tashi. In kana da magana, ga benci can. In ba ka da ita, ka gaida gida. Na gaba."

Wata mata da ke bayansa ta riga ta turo takardarta ta gefen kafaɗarsa. Auta ya koma gefe. Ƙofar fita tana hannun dama, a buɗe, ana jin kwandastoci suna kiran fasinja a bakin titi. Bencin yana hannun hagu, a jikin bangon barandar. Ya tsaya tsakani har wani mai tura keken marasa lafiya ya ce ya ba shi hanya.

Ya je ya zauna. Wata tsohuwa ce a ɗaya gefen, da ledar magunguna a cinya, tana jiran wanda zai zo ya ɗauke ta. Ta dubi hannunsa mai baƙin mai, ta dubi fuskarsa.

"Ɗan nan, kai ma magani kake jira?"

"A'a, Baba. Yayana nake jira."

"A nan yake aiki?"

"E. Sai yamma zai fito."

"Da sauran lokaci kuwa," ta ce. Ta janye ledarta, ta muskuta zuwa ƙarshen bencin. "To matso nan, ka bar masa wuri."